Katin sauti a zamanin MS-DOS: lambobi uku da ke hana kwamfuta magana

Katin sauti wani ƙaramin allon lantarki ne da ake sokawa a cikin kwamfuta domin ta fitar da murya da kiɗa. Kwamfutar IBM ta shekarar 1981 ba ta da shi, ƙaramar lasifika kawai gare ta mai fitar da ƙara. Kamfanin AdLib na Kanada ya fito da katinsa a 1987, sai Creative Technology na Singafo ya biyo da Sound Blaster a 1989, wanda ya zama ma'aunin da sauran katuna suka riƙa kwaikwayo.

Tushen wahalar shi ne MS-DOS ba ya shiga tsakanin katin da manhaja. Kowace manhaja da kanta take neman katin, kuma ba ta samunsa sai ta san lambobi uku: adireshinsa, wanda galibi 220 ne; layin IRQ da katin ke jan hankalin kwamfuta da shi; da kuma tashar DMA da sauti ke bi daga ma'adana zuwa katin. A tsofaffin katuna, da hannu ake saita waɗannan lambobi, ta hanyar sauya wa wasu 'yan ƙananan mahaɗai wuri a jikin allon. Daga nan sai a rubuta SET BLASTER=A220 I5 D1 a cikin fayil ɗin AUTOEXEC.BAT. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin wannan layi sanarwa ce kawai ga manhajoji, ba ya sauya komai a jikin irin wannan katin. Idan abin da aka rubuta ya saɓa wa saitin allon, shiru za a ji, ko manhajar ta tsaya cak.

Akwai alamar da ke saurin nuna inda matsalar take. Idan kiɗa na tashi amma babu muryoyi, IRQ ko DMA ne ba daidai ba, saboda sashen kiɗan yana da nasa adireshin, 388, kuma ba ya dogara da su. Katunan Sound Blaster na farko sun zo a kan IRQ 7, layin da mashigar firinta ke amfani da shi, shi ya sa na baya suka koma 5.

Windows 95 ta kawo tsarin Plug and Play mai raba lambobin da kansa, ko da yake katunan da aka ƙera dominsa suna buƙatar wata manhajar saiti kafin su yi aiki a DOS zalla. Katunan PCI irin su Sound Blaster Live! na 1998 sun fi ba da wuya a can, don kwaikwayon tsohon katin kawai suke yi, kuma sai an loda EMM386.

Wanda burinsa tsohuwar manhaja ce kawai, ba na'urar ba, DOSBox ta wadatar da shi: tana kwaikwayon Sound Blaster 16 a adireshi 220, IRQ 7, DMA 1.