Leo Kanner da Mafarin Likitancin Hankalin Yara

Kafin shekara ta 1930, idan yaro a Amurka ya ƙi magana, ko ya riƙa firgita da dare, ko fitsarin kwance ya bi shi har ya tasa, da wuya iyayensa su sami wanda za su kai wa kuka a asibitin yara, domin masana ilmin ɗibbu na wancan zamani sun raba aikinsu gida biyu, likitan yara yana duban jiki, likitan taɓin hankali kuwa yana can gidan mahaukata tare da manya. In ban da 'yan wuraren shawara irin wanda aka kafa a Chicago a 1909 saboda yaran da aka gurfanar gaban alƙali, babu inda ake sauraron damuwar yaro a matsayin larura.

Mutumin da aka ɗora wa cike wannan giɓi bai taso da niyyar haka ba. Leo Kanner Bayahude ne, haifaffen ƙauyen Klekotow a daular Ostiriya da Hangari a 1894, wanda ya yi karatun likita a Berlin, ya fara aiki a kan cututtukan zuciya, har sai da tsadar rayuwa ta mai da kuɗin Jamus takardar banza, sa'an nan ya yi hijira a 1924 zuwa wani asibitin mahaukata a garin Yankton na jihar Dakota ta Kudu. A cikin kaɗaicin wannan wuri ya wallafa littafi a kan al'adu da camfe-camfen al'ummai game da haƙora, talifin da ba mai yin sa sai wanda Allah ya hore wa kwaɗayin jin labarin mutane.

A 1928 ya koma Jami'ar Johns Hopkins a birnin Baltimore, ya zauna a gaban shaihin malami Adolf Meyer, kuma bayan shekara biyu Meyer da shugaban likitocin yara, Edwards Park, suka zaɓe shi ya buɗe sashen kula da hankalin yara a cikin asibitin yara na Harriet Lane, wanda shi ne irinsa na farko a ƙasar. Hikimar wannan tsari, a ganina, tana ga wurin da aka ajiye shi, gama da yake yana tsakiyar ɗaliban likita da masu neman ƙwarewa, ya zama wajibi ya karantar da su yadda ake tambayar uwa ba tare da an tsorata ta ba, da yadda ake zama a ƙyale yaro ya yi wasansa ana lura, alhali su an horar da su ne a kan awon zazzaɓi da sauraron ƙirji. Daga wannan karantarwa littafinsa na 1935 ya fito, na farko da aka rubuta da Ingilishi a kan wannan fanni.

A 1938 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara biyar daga jihar Mississippi, bayan mahaifinsa, wanda lauya ne, ya riga ya aiko da wasiƙa mai shafi 33 yana bayyana halinsa filla-filla. Yaron yana iya wuni yana juya kwanoni a ƙasa yana murna, yana jera abubuwa bisa tsari guda wanda ba ya yarda a taɓa, ba ya ɗaga kai in an kira sunansa, kuma idan yana son abu sai ya maimaita tambayar da uwarsa ta saba yi masa, ya kira kansa da lamirin da ake kiransa da shi. Kanner bai yi gaggawar yanke hukunci ba, sai da ya tara yara 11 masu irin wannan siffa, maza 8 mata 3, kafin ya buga bahasinsa a 1943, wanda ya zama asalin abin da ake kira otizim, wasu kuma suke ce masa galahanga.

Amma malami ma yakan yi tuntuɓe. Ko da yake ya rubuta cewa da larurar ake haihuwar yaran, ya kuma siffanta iyayensu da sanyin zuciya da ƙarancin nuna ƙauna, maganar da wasu suka ɗauka suka faɗaɗa har ta zama tuhuma a kan iyaye mata shekara da shekaru, kuma sai a 1969 ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga laifi, bayan da yawa sun riga sun sha ɗacinta.

Ya ajiye shugabancin sashen a 1959, almajirinsa Leon Eisenberg ya gaje shi. A 1971, shekara goma kafin rasuwarsa, ya koma ya bi sawun yaran nan goma sha ɗaya, ya tarar waɗansu sun ƙare a gidajen ajiyar marasa lafiya, yaron Mississippi kuwa, wanda iyayensa da mutanen garinsu suka riƙe, yana aikin karɓa da biyan kuɗi a bankin garin.