Tayar ƙanƙara a kan kwaltar Kano

Jama'a, watanni biyar da suka wuce na sayi tayoyi biyu 'yan Beljiyam, zanensu raɗau kamar sababbi. Makon jiya na tsaya wajen mai faci, ya shafa ta gaba ya ce, "Alhaji, wannan ai ta suɗe." Na duƙa na duba da kaina. A gefenta akwai hoton tsauni mai kai uku da alamar dusar ƙanƙara a ciki. Ashe tayar sanyi na saya, nake ta gudu da ita tsakanin Kano da Zariya a zafin Afrilu.

Abin ya sa na bi tarihinta, kuma wallahi akwai abin ji.

A ƙasar Finlan aka fara yin ta, a 1934, a kamfanin da yau ake kira Nokian. Ta farko ta manyan motoci ce, a 1936 suka fitar da ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta. A lokacin dabarar duk a zane take, manyan gaɓoɓi masu cizon dusar ƙanƙara. Wajen shekarun 1960 sai aka fara dasa wa taya ƙananan ƙusoshin ƙarfe don ta kama daskararriyar hanya. Ta kama ɗin kuwa. Matsalar ita ce ba kullum hanya take da ƙanƙara ba. Ranar da ta narke, ƙusa da kwalta ne ke cin juna: ƙusoshin su dakushe ko su zube, kwalta kuma ta zama gari.

Japan ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 1980 ƙurar da waɗannan tayoyi ke tayarwa a birnin Sendai ta kai har mutane na kiran garin hamada. Ku kwatanta hazon hunturunmu, amma na garin kwalta, yara na shaƙa. A 1990 suka yi dokar da ta taka wa tayoyin ƙusa birki. Jamus ta riga su, tun 1975 ta hana. Birnin Oslo na Norwe kuwa kuɗi ya sa wa duk mai son hawa da su.

To da aka matsa wa ƙusa, sai kamfanoni suka koma kan robar kanta. Bridgestone ya fito da Blizzak a 1988, ba ƙusa ko ɗaya. Sirrin shi ne roba mai laushi wadda ba ta sandarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, da ɗaruruwan 'yan tsage-tsage sirara a jikin zanen. A kan dusar ƙanƙara irin wannan taya tana jimawa, don babu abin da ke goge ta sosai. A busasshiyar kwalta mai sanyi tana ci a hankali. Amma a kwalta mai zafi, nan ne ajalinta. Robar ta ƙara laushi, gaɓoɓin su riƙa lanƙwasa suna murzuwa, murzawar ta haifar da ƙarin zafi. Ka haɗa da gudu, da taka birki da ƙarfi, da lodi, da ƙarancin iska, ka ga sai ta ƙare kamar sabulu a ruwa. Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba kuɗina ba ne: a zafi, mota mai wannan taya tana ɗaukar tazara mai tsawo kafin ta tsaya.

Su can sun san haka. Shi ya sa a Kebek ta Kanada, inda doka ta wajabta ta tun 2008, da bazara ta shigo mutum zai kwance ya adana ya ɗaura ta zafi.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. A Finlan da Suwidin, in zurfin zanen tayar sanyi ya gaza milimita 3, doka ba ta yarda da ita a lokacin sanyi. A Ostiriya 4 ne. Wato Bature yana yar da ita alhali a idonmu da sauranta, sai a loda a kwantena. Gwamnatin Najeriya ta daɗe da sa tsofaffin tayoyi cikin kayan da aka hana shigowa da su, amma kowa ya san yadda kasuwa take. Ni ban ga laifin direban haya da ya saya ba, kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsa. Mai sayarwar ma sau da yawa bai san ma'anar alamar ba. Wanda ya sayar min cewa ya yi hoton tsaunin na nufin taya ce mai hawa dutse!

Na koma na duba lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke gaban rubutun DOT, masu nuna mako da shekarar da aka yi taya. Tawa 3814 ce, wato mako na 38 a 2014. Na ciro su duka biyun, ɗaya tana tsakar gida yanzu, uwargida ta shuka na'a-na'a a ciki.