Furen Kef a Hunturun Landan

A ƙarni na 17 jiragen fatake suka kai Turai wani fure daga yankin Kef na Afirka ta Kudu, wanda ake kira jeraniyum. Ɗan rana ne, ya saba da iska da ƙasa mai yashi. Abin da ya sa masu lambun Ingila suka rungume shi kuwa shi ne sauƙin dashensa: a yanko reshe, a soka a ƙasa, ya yi saiwa, kamar dai yadda manomi ke yi da itacen rogo.

Zuwa zamanin Sarauniya Biktoriya abin ya zama sana'a sosai. Manyan gidaje da wuraren shaƙatawa na buƙatar dubban tukwane kowace shekara. A watan Agusta ko Satumba ake yankan rassan, su kwana cikin ɗaki har sanyi ya wuce. A nan wahalar take. Ranar hunturu gajera ce, hayaƙin kwal ya turnuƙe Landan, gilashi kuma da tsada saboda haraji. Sai tsiron ya yi ta miƙa wuya yana neman haske, gaɓoɓinsa su yi nisa da juna, ganye ya koɗe, a ƙarshe ya langaɓe a bakin tukunya. Tsawon banza ke nan, ba mai saye.

Soke harajin gilashi a 1845 ya kawo sauƙi, ɗakunan gilashi suka yawaita. Amma gilashi kaɗai bai wadatar ba. Wanda ya cika hura wuta don tausayin shukarsa shi ya fi yin asara, domin ɗumi ba haske ƙara zuga tsiron yake yi. Gogaggun ma'aikata sukan jera tukwanen a kanta dab da rufi, su rage ruwa, su bar ɗakin da ɗan sanyi. Da bazara ta matso sai su sa farce su tsinke kan tsiron, ya fitar da rassa ta gefe ya yi kauri.

Hannu ya san maganin, dalilin ne ya zo a makare. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka rufe kan wata ciyawa da 'yar hula, sai ta daina karkata wajen haske. A 1926 Frits Went, ɗalibi a Utrecht ta ƙasar Holan, ya tatso sinadarin da kan tsiro ke turawa ƙasa, wanda aka sa wa suna oksin. Shekaru kaɗan bayan haka Kenneth Thimann da Folke Skoog suka nuna cewa shi ne ke danne tohon gefe, shi ya sa tsinke kai ke sakin su.

A 1935 masu bincike a cibiyar Boyce Thompson ta jihar New York suka gano wani ɗan'uwan sinadarin mai sa reshe fitar da saiwa da wuri. Daga shi aka haɗa hodar da ake tsoma gindin reshe a ciki kafin a dasa.