Ƙaramin Jirgin Bauci: Tarihin Layin Dogo Daga Zariya Zuwa Bukuru, 1911–1957

Maƙasudin wannan takarda shi ne a waiwayi wani layin dogo da masu rubuta tarihin sufuri a Nijeriya ta Arewa suka saba tsallakewa, watau ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos. Turawa sun laƙaba masa sunan Bauci, alhali kuwa bai taɓa shiga birnin Yakubu ba. Dalili shi ne a wancan zamani ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauci. Birnin Bauci kansa bai ga jirgin ƙasa ba sai a 1961, ta layin Barno da ya tashi daga Kuru.

Kuza ce ta haifi wannan layi. Tun wajen 1903 ma'aikatan kamfanin Neja suka tabbatar da yawan kuza a kewayen Naraguta, zuwa 1910 kuwa kamfanonin Ingila sun yi ca a kan tudun. Matsalarsu ɗaya ce, yadda za a fitar da ita. A ka ake ɗaukar kuza, 'yan alaro su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, sa'an nan a zuba ta a jirgin ruwa. Da layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai masu haƙar kuza suka matsa wa gwamnati lamba a yi musu reshe.

An fara aiki a 1911. Layin ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya isa Rahama a 1912, daga nan ya wuce Jengre, inda hawa na gaske yake farawa. Zariya tana bisa tudun da bai wuce ƙafa 2,200 da kaɗan ba, Jos kuwa ta kai kimanin ƙafa 4,000, saboda haka sai da layin ya yi ta lanƙwasa yana kewaya duwatsu kafin ya kai Naraguta da Jos. A 1914 ya tsaya a Bukuru, tsawonsa mil 143. Leburorin da suka sare daji suka fasa dutse, akasarinsu ta hannun sarakuna da hakimai aka debo su, kamar yadda aka yi a aikin Baro.

Abin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne faɗin layin. Babban layi faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wannan kuwa aka yi shi ƙafa biyu da inci shida don a rage kuɗi. Ma'anar haka ita ce taragon da ya taso daga Bukuru ba shi da ikon wuce Zariya. Dole a sauke kowane buhun kuza a sake loda shi a babban jirgi mai zuwa Ikko, haka nan injunan haƙa da ake kawowa daga teku. A ganina wannan tsumulmula ita ce ta yanke wa layin kwana tun ran da aka haife shi. Gwamnati ta ɗauke shi hanyar wucin gadi ta fitar da ma'adini, ba ta yi tunanin manoman Soba ko na Lere ba, ko da yake su ma sun ci moriyarsa wajen kai hatsi kasuwannin sansanin kuza, inda dubban lebura suke bukatar abinci.

A 1927 reshen babban layin gabas ya taso daga Kafanchan ya iso Jos, aka faɗaɗa ɓangaren Jos zuwa Bukuru ya dace da shi. Daga ranar kuza ta sami hanya miƙaƙƙiya zuwa Fatakwal ba tare da sauke kaya ba, kwal ɗin Inugu kuma ya riƙa hawowa ta nan. Ƙaramin jirgi ya koma jigilar fasinja da kayan gona, yana tafiyar hawainiya, har motocin lori suka ƙwace masa wannan ma. An rufe shi a 1957, aka ciccire ƙarafunan. Kawunan jirgin da suka tsira an ajiye su a harabar gidan tarihi na Jos.