Udaipur, Birnin Tafkunan Sarakunan Mewar

Duk mai kallon finafinan Indiya da wuya a ce bai taɓa ganin Udaipur ba, ko da bai san sunan garin ba. Farar fadar nan da ke zaune a tsakiyar ruwa, wadda ba a isa gare ta sai da kwalekwale, a nan take. A garin aka ɗauki wasu sassa na Guide a 1965, da Mera Saaya a 1966, da Yeh Jawaani Hai Deewani a 2013. Yana kudancin jihar Rajastan, cikin duwatsun Arabali, kuma ƙidayar 2011 ta nuna mutanensa sun kai kusan 450,000.

Rajastan ƙasa ce ta fari da zafi, damina ba ta wuce wata uku, wata shekarar ma ta ƙi zuwa yadda ake so. Saboda haka manyan tafkunan da suka sa garin ya yi suna, Pichola da Fateh Sagar da Udai Sagar, duk aikin hannun mutane ne. Tare hanyar ruwa aka yi da duwatsu da ƙasa, sarki bayan sarki, har aka sami abin da baƙo yake gani yau ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. A ganina wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci Udaipur ba, domin sanyin halin garin a kan wannan ruwa yake tsaye.

Yaƙi ne ya haifi garin. Sarakunan ƙasar Mewar, 'yan gidan Sisodiya masu sarautar Maharana, a da suna zaune ne a Chittor, wata babbar ganuwa a bisa dutse, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya gabas. Ganuwar tana da ƙarfi, amma a fili take, kowa na hango ta. Alauddin Khalji ya ci ta a 1303, Bahadur Shah na Gujarat ya ci ta a 1535. Maharana Udai Singh na Biyu ya ga inda aka dosa, sai a 1559 ya kafa harsashin sabon gari a wani kwari da duwatsu suka kewaye, a bakin tafkin Pichola. Mutanen gari suna ba da labari cewa wani bafatake mai safarar hatsi a kan bijimai ne ya fara tare ruwan tun ƙarni na 14, Udai Singh kuma ya ƙara wa madatsar tsawo da ƙarfi. Da Sarki Akbar na daular Mugal ya yi wa Chittor ƙawanya ya ci ta a 1568, mazan da ke ciki suka fita suka mutu a bakin daga, mata suka faɗa wuta don kada a kama su. Udai Singh ba ya nan, ya riga ya shiga duwatsu.

James Tod, Baturen da ya rubuta tarihin Rajastan a ƙarni na 19, bai raga masa ba a kan wannan, kallon rago ya yi masa. Ni ban yarda da hukuncin ba. Da ya tsaya ya mutu a Chittor, da gidan sarautar ya ƙare tare da shi. Abin da ya zaɓa ne ya sa Mewar ta rayu shekara ɗari huɗu bayansa.

Ɗansa Maharana Pratap shi ne gwarzon da Udaipur take alfahari da shi, mutum-mutuminsa a kan dokinsa Chetak yana bisa tudun Moti Magri yana kallon Fateh Sagar. Ya ƙi yi wa Akbar mubaya'a, aka gwabza a Haldighati a 1576. Akwai abin lura a wannan yaƙi ga masu son mayar da kowace rigima ta addini: rundunar Akbar, Man Singh ne ya jagorance ta, mabiyin addinin Hindu ɗan sarautar Amber, sahun gaban Pratap kuwa yana hannun Hakim Khan Sur, Musulmi, ga kuma maharban ƙabilar Bhil da bakansu. Pratap bai ci yaƙin ba, ba a kuma kama shi ba. Ya ci gaba da yaƙin sunƙuru, ya ƙwato yawancin ƙasarsa ban da Chittor, ya rasu a 1597. Ɗansa Amar Singh ne ya yi sulhu da Sarki Jahangir na Mugal a 1615, bisa sharaɗin cewa Maharana ba zai je fadar Mugal da kansa ya faɗi gaisuwa ba, yarima zai aika, kuma ba za a sake gyara ganuwar Chittor ba.

Duniya juyi-juyi. Yarima Khurram ɗan Jahangir, wanda ya matsa wa Mewar lamba har aka yi wannan sulhu, shi ne ya zo neman mafaka a Udaipur a 1623 bayan ya yi wa mahaifinsa tawaye. Maharana Karan Singh ya sauke shi a tsibirin Jag Mandir da ke cikin Pichola. Baƙon nan shi ne ya zama Shah Jahan, mai ginin Taj Mahal.

Zaman lafiya ya ba sarakuna damar gini. Jagat Singh na Farko ya gama wurin bautar Jagdish a 1651, wanda har yau shi ne cibiyar tsohon gari. Raj Singh ya fara ginin tafkin Rajsamand a arewa a cikin shekarun 1660 lokacin da yunwa ta sauka, domin talakawa su sami aiki da abin sawa a baka. Jagat Singh na Biyu ya gina Jag Niwas, farar fadar cikin ruwa, tsakanin 1743 da 1746. Babbar fadar da ke bakin tafki kuwa ba sarki ɗaya ya gina ta ba, kowa da abin da ya ƙara, shi ya sa mai yawo a cikinta zai yi ta hawa da sauka ta matsattsun lunguna masu gajerun ƙofofi, kafin ya ɓulla wani tsakar gida da aka yi wa ado da ɗawisu na gutsattsarin gilashi. Duk da wannan ƙasaita, sarakunan suna cewa mulki na Eklingji ne, abin bautar gidansu, su wakilai ne kawai.

Ƙarni na 18 bai yi wa Mewar daɗi ba, mayaƙan Marata suka tatse ta, har a 1818 ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila. Bayan 'yancin Indiya, Maharana Bhupal Singh ya shigar da ƙasarsa tarayyar Rajastan a 1948, sannan a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke alawus ɗin sarakuna. Kafin nan Maharana Bhagwat Singh ya riga ya mayar da Jag Niwas otal, abin da ya buɗe wa garin ƙofar yawon buɗe ido.

Rayuwar yau da kullum kuwa ba ta gaggawa ba ce. Da sassafe mata na sauka matattakalar bakin ruwa da ƙullin wanki, su shimfiɗa tufa a kan dutse suna bugu da ɗan katako, tsofaffi na wanka da addu'o'insu, tantabaru na tsintar hatsin da aka watsa musu. A lungunan tsohon gari, inda mota ba ta iya wucewa sai babur da keke-napep, saniya kan kwanta a tsakiyar hanya, kowa ya ratse ya bar ta. Mai shayi na dafa madara da citta, maƙwabcinsa na soya kachori mai yaji. Gaisuwar girmamawa a nan ita ce "Khamma ghani". A wani ɗan shago za ka ga mai zane a zaune a ƙasa, allo a cinya, yana fitar da gashin gemun sarki ɗaya bayan ɗaya da burushin gashin kurege, irin zanen da fadar Mewar ta shahara da shi tun ƙarni na 17. Garin yana da Musulmi masu yawa, cikinsu har da 'yan kasuwar Bohra, don haka ana jin kiran salla tare da ƙararrawar Jagdish.

Abincin gida shi ne dal bati: curin alkama da aka gasa a garwashi, a farfasa shi, a kwarara masa man shanu, a ci da miyar wake. Da yamma baƙi kan hau saman soraye, inda wasu gidajen abinci ke nuna Octopussy, fim ɗin James Bond na 1983 da aka ɗauka a garin. 'Yan gari kuwa bakin madatsar Fateh Sagar suke zuwa da iyalansu, a sayi gasasshiyar masara da kofi a ɗan kofin yumɓu, a zauna ana hira har dare. Lokacin bikin Gangaur, wajen Maris ko Afrilu, mata kan yi kwalliya su ɗauko gumakan bikin a ka zuwa bakin Pichola.

Abin da ke damuna shi ne ruwan. Magabata sun tsara shi da hikima: kogin Sisarma ya cika Pichola, rarar ta bi ta Swaroop Sagar zuwa Fateh Sagar, abin da ya yi saura ya gangara kogin Ahar zuwa Udai Sagar. Yanzu an sare itatuwan duwatsu, laka na cike ƙasan tafkunan, otal-otal sun matse gaɓa, ƙazantar gari na malalowa ciki. A shekarun fari na farkon ƙarnin nan Pichola ya ƙafe, yara suka riƙa buga kurket a inda kwalekwale ke bi, farar fadar tana tsaye a kan busasshiyar laka. Hukuma ta huda ramuka a ƙarƙashin duwatsu don jawo ruwa daga madatsun Dewas, abin ya taimaka, amma bai maye gurbin damina ba. Shi ya sa daga Yuli zuwa Satumba babban labarin gari shi ne ma'aunin ruwa. Pichola kan cika a ƙafa 11, Fateh Sagar a ƙafa 13, kuma ranar da aka buɗe ƙofofinsa ruwa ya fara ambaliya, hanyar madatsar kan cushe da jama'ar da suka fito kallo.