Daga Badun zuwa Zariya: wane tunani ake koya wa maginan zamani?

Yau a kan sana'ata zan yi magana, wato koyar da ɗaliban digirin farko falsafar zanen gine-gine, don na ga yaranmu na Sabo da Agege sun fara shiga wannan fanni.

Da yawa ba su san cewa a nan Badun aka fara wannan karatu a Najeriya ba. A 1952 aka buɗe sashen a kwalejin da Turawa suka kafa ta fasaha da kimiyya, a 1955 aka mayar da shi Zariya, inda ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Manhajar kuwa daga Ingila ta zo, tana farawa da Vitruvius, mutumin Rum na kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya ce gini sai da abu uku: ƙarfi, amfani da kyau. A zamanin ne Maxwell Fry da matarsa Jane Drew suka zana gine-ginen Jami'ar Badun, da bangaye masu huji-huji don iska ta ratsa. Aiki ne mai kyau, sai dai zafi da ruwan sama suka sa a gaba. Yadda mutane ke zama da junansu bai dame su sosai ba.

To ga abin mamaki. Ɗalibi a Samaru yana haddace Le Corbusier, alhali cikin birni ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen 1830 da wani abu, da ƙasa da azara kawai, bakan gizo na ɗauke da rufin. Sai da wani Bature ɗan Poland, Zbigniew Dmochowski, ya bi ƙasar nan yana auna irin waɗannan gine-gine, littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. A Nijar kuma masallacin Yaama, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Shi ya sa ni da zaure nake fara darasi. Nakan tambayi ɗalibai, galibinsu Yarbawa da Ibo: me ya sa ƙofar shiga zaure ba ta kallon ƙofar da ke kai mutum cikin gida? Daga nan sai mu shiga batun kunya, da sutura, da haƙƙin baƙo, da iyakar inda ido zai tsaya. Su ma sai su kawo nasu, tsakar gidan Yarbawa inda dangi ke haɗuwa.

Mu kuwa a Sabo, tun da aka keɓe mana unguwar a 1916 fili ke ƙaranci. Zaurukan da yawa sun koma shaguna, sabbin benaye kuma baƙo na buɗe ƙofa sai ga shi a falo, uwargida na neman mayafi. Wanda duk zai ba ɗansa ko wani zanen gida bana, don Allah ya tambaye shi tun a takarda: ina baƙo zai tsaya ya yi sallama?