Saitin Haɗi da Rumbun Bayanai a Manhajojin Yanar Gizo Masu Hawa-Hawa: Nazari Daga Mahangar Dundaye

Tsakure

Manhajar yanar gizo ba ta isa ga rumbun bayananta sai da wasu 'yan bayanai: adireshin sabar, lambar ƙofa, sunan rumbu, sunan mai shiga da kalmar sirri. Wannan maƙala ta duba inda ya dace su zauna a manhajar da aka gina hawa-hawa, tana la'akari da yanayin cibiyoyin ilimi irin na Dundaye, mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. An bi takardun bayanin fitattun kayan gina manhaja da kuma wasu kutse da aka bayyana wa duniya. Matsayar maƙalar ita ce saitin haɗi ba mallakin kowane hawa ba ne. Wajen rubutun manhaja ya kamata ya zauna, a karanta shi a wuri ɗaya lokacin da manhaja ke tashi, sannan a miƙa shi ga hawan da ke magana da rumbu.

Fitilun kalmomi: rumbun bayanai, saitin haɗi, manhaja mai hawa-hawa, kalmar sirri, Dundaye

1.0 Gabatarwa

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Babban mazauninta yana Dundaye a ƙaramar hukumar Wamakko, tana da wani mazaunin a cikin gari, ga kuma asibitin koyarwa. Kamar sauran jami'o'in tarayya, harkokinta na yau da kullum sun koma kan intanet: biyan kuɗi ta Remita tun bayan tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, karɓar ɗalibai ta tsarin CAPS da hukumar JAMB ta shigo da shi a 2017, sai rajistar darussa da duba sakamako. Duk cibiya mai irin wannan aiki tana riƙe da sunaye, lambobin waya, makin jarrabawa da bayanan kuɗi na dubban mutane, kuma abin da ke tsakanin waɗannan bayanai da ɓarawo sau da yawa layi ɗaya ne na rubutu.

A nan kuma ake horar da waɗanda za su gina irin waɗannan manhajoji gobe. Ɗalibin kwamfuta a Najeriya yakan fara da PHP da MySQL a kan XAMPP, wanda ke zuwa da babban asusun root babu kalmar sirri. Haka yake rubuta fayil ɗin haɗinsa na farko, manhaja ta yi aiki, hannu ya saba. Damuwar wannan nazari ita ce sabon yakan bi mutum har wurin aiki.

2.0 Waiwaye kan tsarin hawa-hawa

Tunanin raba manhaja hawa-hawa ya girmi yanar gizo. Edsger Dijkstra ya bayyana shi a 1968 a tsarin THE, inda kowane hawa ke dogara da na ƙasansa kaɗai. A 1972 David Parnas ya kawo ma'aunin rabon: kowane sashe ya ɓoye wa sauran shawarar da ake tsammanin za ta sauya. Martin Fowler, a littafinsa na 2002 kan fasalin manhajojin ma'aikatu, ya tsayar da hawa uku da aka fi sani a yau: hawan fuska da mai amfani ke gani, hawan ƙa'idojin aiki, da hawan bayanai da ke magana da rumbu.

Idan aka ɗora ma'aunin Parnas a kan saitin haɗi, amsar ta fito fili. Babu abin da ke sauyawa kamar sa. Adireshin rumbu a kwamfutar mai rubuta manhaja daban, a sabar gwaji daban, a sabar aiki daban, alhali rubutun manhajar ɗaya ne. Wannan ne ya sa Adam Wiggins na kamfanin Heroku, a ƙa'idoji goma sha biyu da ya fitar a 2011, ya sanya raba saiti da rubutun manhaja a matsayin ƙa'ida ta uku, tare da gwaji mai sauƙi: za a iya buɗe rubutun ga kowa yanzu-yanzu ba tare da wani sirri ya fita ba?

3.0 Wane hawa ne ke riƙe da saitin?

A nan ne aka fi samun ruɗani, kuma ruɗanin yana da dalili mai kyau. Mai koyo yakan ce, tunda hawan bayanai ne kaɗai ke taɓa rumbu, ai shi ya kamata ya mallaki layin haɗi. Sai ya rubuta shi a cikin hawan, ko ya ba hawan nasa fayil ɗin saiti. A tsohon tsarin ASP.NET wannan yakan ƙare da mamaki: fayil ɗin app.config da aka saka a ɗakin ajiyar hawan bayanai ba a karanta shi lokacin aiki, domin manhajar da ke gudana tana duba web.config nata ne kawai. Wani kuma, ganin haka, sai ya juya ya sa hawan fuska ya karanta layin, ya miƙa wa hawan ƙa'idoji, shi kuma ya miƙa ƙasa a kowane kira. Yanzu hawa ukun duk sun san sirrin da ɗaya kaɗai ke buƙata.

Duka biyun sun haɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba: wa ke amfani da saitin, kuma wa ke samo shi? Mai amfani hawan bayanai ne. Mai samowa shi ne wurin tashin manhaja, inda ake harhaɗa sassa kafin buƙata ta farko ta iso. A can ake karanta saitin sau ɗaya, a gina abin da ke buɗe haɗi, a miƙa shi ga hawan bayanai daga waje, dabarar da Fowler ya yi wa dogon sharhi a Janairun 2004. Hawan ƙa'idoji bai san akwai MySQL ba balle kalmar sirrinsa. Abin da ya sani shi ne ya nemi makin ɗalibi ya samu. Kamar mabuɗin rumbun hatsi ne a gidan gandu: mai ɗebo tsaba ake ba shi, amma ba a jikin ƙofar rumbun ake rataye shi ba, ba a kuma bi da shi ta hannun kowane yaro.

Manyan kayan gina manhaja duk sun karkata nan. Django na karanta saitin rumbu daga settings.py, Tomcat na ba manhajar Java haɗi ta hanyar suna kawai da aka ayyana a context.xml, ASP.NET Core da ya fito a 2016 na tattara saiti daga appsettings.json da muhallin na'ura a wurin tashi. Laravel ma haka, har da wani tarko da ke tabbatar da ƙa'idar: da zarar an daskarar da saiti da umarnin config:cache, ba a ƙara loda fayil ɗin .env, don haka duk wanda ya warwatsa kiran env() cikin hawa-hawa zai tarar da shi fanko a sabar aiki.

4.0 Wuraren ajiya da abin da kowanne ke jawowa

Rubuta kalmar sirri cikin rubutun manhaja rauni ne da ke da lambarsa a kundin raunuka na duniya, CWE-798. Illarsa ta ninka tun da aiki ya koma kan Git, domin Git ba ya mantuwa: kalmar da aka goge yau tana nan a tarihin jiya. A 2016 masu kutse sun tsinci mabuɗan shiga a ma'ajiyar GitHub ta injiniyoyin Uber, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya biya dala miliyan 148 a sasancin da ya yi da jihohin Amurka a 2018. A 2022 Toyota ta sanar cewa wani mabuɗin shiga sabar bayananta ya shafe kusan shekara biyar a buɗe a GitHub, abin da ya shafi masu hulɗa kusan 296,000. Binciken Meli da McNiece da Reaves na Jami'ar Jihar North Carolina a 2019 ya gano ma'ajiyoyi fiye da 100,000 da sirri ya tsiyaye daga cikinsu. Uber da Toyota kamfanoni ne masu ƙwararru da kuɗi, ina ga ofishin da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da komai?

Fayil ɗin saiti na daban ya fi, amma inda aka ajiye shi ne magana. Ƙananan cibiyoyi da yawa na hayar wuri a sabar haɗaka, inda al'ada ita ce a juye komai cikin public_html. A nan duk wanda ya rubuta adireshin .env a burauza zai iya sauke shi, idan ba a toshe ba. Haka kwafin da aka sauya wa suna zuwa db.php.bak, sabar ba ta ɗauke shi rubutun PHP ba, sai ta nuna shi yadda yake. Maganin ba ya cin ko sisi: a fitar da fayil ɗin daga babban fayil ɗin da duniya ke gani, a hana kowa karanta shi sai asusun da ke gudanar da manhajar, a sa sunansa a .gitignore tun kafin ajiyar farko.

Akwai ma'ajiyar sirri ta musamman irin Vault da HashiCorp ta fitar a 2015, mai iya ƙirƙirar kalmar sirri ta ɗan lokaci ta kuma kashe ta. Ita ce mafi tsaro a ƙa'ida. Sai dai a ganin mai wannan nazari, bai kamata ƙaramar cibiya ta fara da ita ba. Sabar ce ta ƙari da ke buƙatar mai kula, kuma idan ta sake tashi a kulle take tashi har sai an buɗe ta. A inda wuta ke ɗaukewa babu sallama, hakan na nufin rumbu na lafiya, manhaja na lafiya, amma ɗalibai ba su iya shiga. Fayil ɗin da aka tsare da kyau ya fi ma'ajiyar da babu mai iya riƙonta.

5.0 Saitin da ba kalmar sirri ba

Yawancin tattaunawa kan tsaya a kan sirri, alhali rabin saitin haɗi lissafi ne. Buɗe haɗi da rumbu yana cin lokaci, shi ya sa manhajoji ke riƙe tarin haɗi a buɗe suna juya su. MySQL na karɓar haɗi 151 a lokaci ɗaya idan ba a taɓa saitinsa ba, PostgreSQL 100. A ɗauka sabar manhaja huɗu ne, kowace an ba ta tarin haɗi 50. Jimilla 200 ke nan. A ranakun da babu cunkoso babu wanda zai lura. Ranar rufe rajista, lokacin da kowane shagon intanet daga Dundaye zuwa cikin gari ya cika, sai MySQL ya fara mayar da kuskure mai lamba 1040, a ce "netwok ba kyau", a ɗora wa kamfanin sadarwa laifin da ba nasa ba. Ƙara yawan haɗi ba shi ne magani koyaushe ba. HikariCP, da Spring Boot ke amfani da shi, da haɗi 10 kacal yake farawa, bisa hujjar cewa rumbu ya fi sauri idan ba a yi masa rubdugu ba.

Yanayin wuri ma yana shiga lissafin. Tsakanin ɗaukewar wutar Kaduna Electric da tashin janareta, na'urar da ke haɗa sabar biyu kan mutu ta dawo. Haɗin da ke cikin tari ya riga ya yanke, amma manhaja ba ta sani ba sai ta yi amfani da shi. Ko babu matsalar wuta, MySQL na yanke haɗin da ya yi awa takwas ba aiki, wato daƙiƙa 28,800, shi ya sa wasu manhajoji ke gaza wa mutum na farko da ya shiga da safe. Dole saiti ya faɗi tsawon rayuwar haɗi, da gwada shi kafin amfani, da iyakar jira kafin a haƙura. Waɗannan lambobi sun bambanta daga sabar zuwa sabar, don haka su ma wajen rubutun manhaja ne gurbinsu.

Mutanen Dundaye sun san abin da yankewa ke nufi. Ambaliyar 2010 ta karya gadar da ke haɗa mazaunin jami'ar da gari. Duk cibiyar da ke bakin fadamar Rima ya kamata ta iya tayar da kwafin rumbunta a wani wuri. Idan adireshin rumbu a wuri ɗaya yake, aikin sauya layi ɗaya ne. Idan kuwa ya bazu cikin fayiloli arba'in, sai an nemo wanda ya rubuta manhajar, mai yiwuwa kuma ya gama hidimar ƙasa ya tafi.

6.0 Iko, doka da miƙa aiki

Saltzer da Schroeder sun shimfiɗa ƙa'idar mafi ƙarancin iko a 1975: a ba kowane sashe iyakar abin da aikinsa ke buƙata. A aikace, shafin duba sakamako ya shiga rumbu da asusun karatu kawai, shafin shigar da maki da wani asusun, sauya fasalin jadawali kuma da na uku da ba ya zama a sabar yanar gizo sam. Tsarin da aka bayyana a sashe na uku ne ke sauƙaƙa wannan, domin wurin tashi na iya gina haɗi biyu ko uku ya ba kowane sashe nasa.

Batun ya wuce na sana'a, ya zama na doka. Dokar Kare Bayanan Najeriya da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ɗaukar matakan tsaro, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan an yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Cibiyar da ba ta san mutum nawa suka taɓa ganin kalmar sirrin rumbunta ba, da wuya ta iya bayyana ta inda aka shiga.

Saboda haka sauya kalmar sirri ya zama ɓangare na miƙa aiki duk lokacin da ma'aikaci, ɗan kwangila ko ɗalibin SIWES ya bar ofis. Ana iya yin sa ba tare da tsayar da manhaja ba: a buɗe asusu na biyu mai iko iri ɗaya, a mayar da saiti kansa, a sake tayar da manhaja, a tabbatar babu haɗin da ya rage a kan tsohon, sannan a rufe shi. A ɓangaren koyarwa kuwa, maƙalar na ba da shawarar a sa wannan cikin makin kare aikin kammala digiri. Mai jarrabawa ya sauya kalmar sirrin rumbu a gaban ɗalibi, ya ce masa ya dawo da manhajar bakin aiki ba tare da ya buɗe rubutunta ba.